Rubutun da ke Ƙarƙashin Hoto

Nu'umanu yana durƙushe a tsakiyar gonar dawa, yana ƙirga ƙullin igiyarsa, sai ya ji wurin ya yi tsit. Shekaranjiya shanu suka shiga gonar suka kwantar da kusurwar gabas, shi kuma aikinsa ne ya auna ɓarnar, ya faɗi dami nawa ta kai. Shekara uku ke nan yana yi wa kwamitin sulhun manoma da makiyaya na yankinsu wannan aiki a ƙasar Kebbe. Igiyar ta rama ce, ƙulli ɗaya a kowane taku goma. Mai gona ya riƙe baki ɗaya, mai shanu ya riƙe ɗayan, don kada gobe wani ya ce an ja ta ko an sassauta. Shi ya fito da tsarin, kuma tun da ya fara ba a sake zare adda a kan awo ba.

Da ya ɗaga kai sai ya ga bakin igiyar na wajen makiyaya yashe a ƙasa. Mai shanun ya koma gindin kalgo, shi da 'yan uwansa sun haɗa kai a kan waya ɗaya. Mai gonar kuwa, wanda tun safe yake gunaguni wai Nu'umanu yaron Fulani ne, yanzu haƙoransa duk a waje.

"Ashe kai namu na, Malam Nu'umanu!" in ji shi. "Mi yas sa kab ɓoye muna?"

Wannan yabon ya fi shirun tsorata shi. Ya miƙe ya nufi kalgon. Mai shanun ya juyo masa da fuskar wayar.

Hotonsa ne, yana ɗan shekara goma sha bakwai, siriri, tsaye cikin dawar mahaifinsa da shanu suka tattake, riƙe da karyayyen kara. A ƙasa ga sunansa, ga abin da ya rubuta a Fesbuk ran nan: duk saniyar da ya kama a gonarsu sai ya sare mata ƙafa, masu ita ba mutane ba ne, a kore su daga ƙasar Kebbe kakaf.

Kunya ta rufe shi. Shi ya rubuta, ba zai yi musu ba. Amma shekara takwas ke nan, har ya manta akwai yaron da ya taɓa furta wannan ƙazamar magana. Ya naɗe igiyarsa shi kaɗai, ya hau babur.

* * *

Tun daga Kebbe har Tambuwal, inda yake koyar da darasin noma a makarantar sakandare, tambaya ɗaya ke cinsa: wa ya tono? Shafin nan nasa na Fesbuk ya mutu tuni. Ya manta lambar sirrinsa, ya buɗe sabo, shi kansa bai san hanyar shiga ba. Wanda ya kai ga rubutun shekara takwas, zama ya yi na musamman ya haƙa.

Kafin la'asar hoton ya zaga gari. Mutanenmu kuwa in waya ta faɗi magana, an gama shari'a, ba a kiran shaida. Waɗanda ba su taɓa taka gona tare da shi ba suka yi ta rubuta cewa dama sun ga alama a idonsa. Wasu suka ce jarumi ne, a tsayar da shi kansila. Ya rasa wanne ya fi ciwo.

Ya fara duban kowa a karkace. Mai shayin da ya gaishe shi da fara'a fiye da kullum, me ya sani? Abokin aikinsa da ya kawar da kai a ofis fa? A ƙarshe duk zarginsa ya taru a kan mutum ɗaya: Mannir, mai gyaran waya a bakin tasha, abokinsa tun firamare, kuma yayan matarsa. Mannir ne ya buɗe masa shafin da hannunsa. Mannir ya nemi aikin awon nan shi ma, aka ɗauki Nu'umanu. Ko makon jiya sai da ya tsokane shi, wai an zama manya, ba a zama benci. A lokacin dariya suka yi. Yanzu dariyar ta dawo masa da wata kama.

Ruwaida, matarsa, ta ajiye masa abinci, ta tsaya tana kallon yadda yake juya cokali.

"Malam, na san wa kaka tunani," ta ce. "Wallahi Yaya Mannir ba shi yin haka."

"Na kira sunanai?"

"Ba ka kira ba. Amma tun da kad dawo ba ka dube ni ba."

"To ki hwaɗa min, wa ya san lambar in ba shi ba?"

Ta juya ta koma ɗaki. Tafiyar nan ma sai ya sa ta a ma'auni: ko ta san wani abu ne? Abin takaici, mutumin da ake kira mai adalcin awo ya kwana uku yana auna matarsa da ido.

* * *

Ran Alhamis kwamitin ya zauna a zauren shugabansa, Alhaji Lauwali. Manoma a dama, makiyaya a hagu, samari maƙil a ƙofa, kowa ya ɗaga waya yana ɗauka. Nu'umanu ya miƙe, bai yi kwana-kwana ba.

"Ni nar rubuta," ya ce. "Ina yaro, raina a ɓace, shanu sun cinye muna abincin shekara. Magana ta banza ta, kuma ina jin kunyarta. Ku gahwarce ni. Amma awo ɗari da ɗoriya niy yi a gabanku. In akwai guda da nic cuci wani, shi tashi shi hwaɗi."

Ba wanda ya tashi. Sai dai wata murya daga ƙofa ta ce, "Abin da ke cikin ciki shi yah hito!" Aka ɗauka da hayaniya. Wani makiyayi ya tuna awon bara da ya amince da shi har ya yi godiya, yau kuma ya ce dama ya ji a jikinsa an ƙara masa dami biyu. Wani manomi ya ce in aka taɓa Nu'umanu su ma ba su ƙara zama. Kariyar nan ta ƙara nutsar da Nu'umanu.

Ardo Bube, dattijon makiyaya, shi ne ya yi magana a ƙarshe. Aminin Malam Na'iya ne, mahaifin Nu'umanu. Bayan waccan ɓarna ta shekara takwas, shi da kansa ya zo ya ba da haƙuri, tun daga nan duk kaka a gonar Malam Na'iya shanunsa ke cin kara suna zuba taki.

"Ɗana," ya ce, "ni na san ka. In don ta ni ta, kai za ka auna har in mutu. Amma igiya sai an riƙa mata baki biyu, kuma samarina sun ce ba su riƙawa. Ba ni iya tilasta su."

Alhaji Lauwali ya gyara murya, ya yi dogon yabo irin wanda ake yi wa mutum in za a sallame shi, sannan ya ce Nu'umanu ya ɗan huta har ƙura ta lafa. Kowa a zauren ya san ba ranar dawowa. Wa zai yi awon kakar bana, ba wanda ya tambaya.

A waje Ardo ya riƙo hannun rigarsa.

"Kak ka nemi wanda yat tono," ya ce a hankali. "Ka ji? Bar shi."

Nu'umanu ya bi shi da kallo. To, har Ardo ya san mutumin, kuma yana rufa masa asiri.

* * *

Bai biya gida ba, shagon Mannir ya zarce. Ya same shi sunkuye a kan buɗaɗɗiyar waya, mutane uku a benci suna jira. Ko sallama bai yi ba.

"An tsige ni. Hankalinka ya kwanta?"

Mannir ya ajiye abin hannunsa. "Nu'umanu, mi kaka nuhi?"

"Kai kab buɗe shafin. Kai kas san lambar. Shekara ukku kana riƙe da ni a rai don an ba ni aikin da kan nema. Ka hito fili mana!"

Mutanen benci suka miƙe tsam, ɗaya har ya fara lalubar wayarsa. Mannir ya ce musu su dawo bayan la'asar, ya ja ƙofa. Idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"Kwana ukku nika jiran ka zo," ya ce. "Na zaci za ka zo ka ce min, Mannir duba min wanga abu. Ashe da wagga magana za ka zo."

Ya buɗe hoton a wayarsa, ya ja shi da yatsu biyu har ya cika fuskar.

"Kai rubutun kaɗai kaka karantawa. Ni sana'ata gilashi. Wanga ba daga cikin shafi anka ciro shi ba. Waya anka ɗauka hoto da wata waya. Dubi nan."

Daga kusurwar sama wata siririyar tsaga ta gangaro, ta rabu biyu a kan kafaɗar yaron da ke hoton. A gefe kuma ga bakin babban yatsa, farcen ya yi baƙi da tawadar allo.

"Sau biyu nika cewa a kawo in canza gilashin ga," in ji Mannir. "Mai ita ya ce tunda tana magana a bar ta."

Nu'umanu ya zauna a benci. Tsohuwar wayarsa ce. Da ya sayi sabuwa, sai ya yi abin da kowane ɗa ke yi, ya miƙa wa mahaifinsa tsohuwar don ya riƙa jin karatu, bai goge komai ba. Tsohon shafin yana nan a buɗe a ciki. Fesbuk kuwa ba ya mantuwa, duk ranar da abu ya zagayo sai ya ɗago maka shi. Malam Na'iya yana karanta Larabci da ajami kamar ruwa, amma boko ko harafi ɗaya.

"Tun ran hwarko nig gane," Mannir ya ce. "Ya zan yi? In aika maka cewa Baba na?"

"Mannir, don Allah..."

"Tashi ka tai. Ina da aiki."

Ya koma kan wayar da yake gyara, bai sake ɗagowa ba.

* * *

Washegari da hantsi ya isa ƙauyensu. Ya tarar da Malam Na'iya a zaure, ɗalibai sun tashi, yana wanke alƙalumansa. Tsohon ya rame a kwana uku. An gaya masa an tono wani tsohon rubutu an tsige ɗansa, amma ba wanda ya iya gaya masa daga ina.

Bayan gaisuwa Nu'umanu ya ce, "Baba, kwanan ga ka nuna ma wani wayarka?"

Fuskar tsohon ta ɗan saki. "A'a, sai Ardo. Ran kasuwa. Wani hotonka yat taso da kainai, kana ɗan tsamurmuri cikin dawa. Nic ce Ardo dubi ɗanka ran da shanunka sunka yi muna aika-aika, ga shi yau shi ka raba ku gardama. Munka yi ta dariya. Har yac ce ma Siddiƙ ɗansa shi ɗaukam mishi, shi aje." Ya girgiza kai. "Ran nan ina cikin jin daɗi, ban san maƙiya na can suna haƙa ma rame ba."

Siddiƙ ya yi boko har kwaleji. Nu'umanu ya ga abin kamar a gabansa: tsofaffi biyu suna dariya, Siddiƙ kuma yana tsaye yana karanta abin da ke ƙasa, kafin ya watsa shi.

Malam Na'iya ya ture ƙoƙon tawada gefe, ya juya gabas. A ƙauyen nan ba a wasa da bakinsa, shi ma ya sani, shi ya sa bai taɓa yi wa kowa baki ba.

"Kwana ukku nika danne zuciyata," ya ce. "Yau ba ni iyawa. Wanda duk yah hiddo wanga abu yat tozarta min ɗa, Ya Allah..."

Nu'umanu ya yi wuf ya kama hannuwan biyu kafin su gama ɗaguwa. Bai taɓa riƙe mahaifinsa haka ba tun da ya girma.

"Baba, kar ka ƙarasa. Don girman Allah."

"Sake ni! Kai ba ka san zahin da nika ji ba."

"Na yahe mishi, Baba. Ni anka yi ma, kuma na yahe. Ka ce Allah shi shirye mu, shi ke nan."

Tsohon ya daɗe yana dubansa, sannan ya sauke hannu, ya share ido da gefen rawani.

"Ka ga irin halin ga naka," ya ce, "shi sunka kasa gani."

Nu'umanu ya sunkuyar da kai. Can ya ce a ba shi wayar ya kai a canza gilashin, duk da bai san da wane ido zai sake shiga shagon Mannir ba. Malam Na'iya ya laluba aljihu ya miƙa masa. Har ya kai bakin zaure, inda babur ɗinsa yake jingine da igiyar awo a ɗaure a baya, tsohon ya kira shi.

"Nu'umanu! Ka ce ma Mannir shi yi a hankali. Kar hoton nan naka shi ɓace, ina son shi."