Koriyar Motar Baba Tela

"Ja a hankali, tayoyin nan sun manne da ƙasa," in ji Mai Tsoffi, yana ɗaga wa direban janwe hannu.

Sarƙa ta miƙe, motar ta yi wani gurnani kamar wanda aka tasa daga barci mai nauyi, ta fara fitowa daga gindin tagar Baba Tela. Ƙadangaru biyu suka fice daga ƙarƙashinta. Inda ta bari, ƙasa ta yi baƙi da tsohon mai.

Auta, 'yar Baba, tana tsaye a bakin ƙofa da kwandon da za ta kai asibiti. Ba ta kalli motar ba.

"Yaya, ka tabbata ba mu yi gaggawa ba?"

"Haba Auta. Ke da bakinki kika ce likita ya ce da wuya ya dawo gida. Idan aka bar ta nan, tsatsa ce za ta gada."

Ta gyaɗa kai, ta wuce.

Mai Tsoffi shagon kayan gyaran mota gare shi, amma ba da shagon aka san shi ba. Mutum ne da idan yana tuƙi ya hango ƙeyar wata tsohuwar mota ta saman katanga, sai ya taka birki a tsakiyar titi, na baya su yi ta danna masa ham. Bayan gidansa ya cika da su, wasu na tashi, wasu kuma kaji ke ƙwai a cikinsu. Shi ya sa aka laƙaba masa sunan.

Amma duk yawonsa bai taɓa cin karo da irin ta maƙwabcinsa ba. Ƙofa biyu gare ta, da rufin zane da ake naɗewa, da farin sitiyari mai giya a jiki, fitilunta zagayayyu kamar idon mujiya. Kamfanin da ya ƙera ta ya daɗe da rufewa. Abu ɗaya ke ci masa rai: wani koren fenti mai kauri da aka lafta mata da buroshi, irin wanda ake shafa wa ƙofar shago. Ya taɓa kankare ƙasan ƙofar da ɗan makulli a ɓoye, ya ga asalin launinta ruwan madara ne.

Tun daga ranar ya zama ɗan gida. Kusan kullum da yamma yana kan bencin Baba, yana zura masa zare a allura tunda idon tsohon ya yi rauni, yana sauraron labarin da ya ji sau ba adadi. Kunnensa na wurin Baba, idonsa na kan motar. Duk sanda ya kewayo da zancen saye, Baba dariya yake yi.

"Ɗana, ka sayi keken ɗinkin, ka haɗa da ni a gyara. Wannan dai bar ta."

Da Baba ya kwanta asibiti, Mai Tsoffi ya je dubiya, ya ga yadda ya koma, ya tare Auta a baranda da zancen sayen motar. Ba ta ja zancen ba, gajiya ta riga ta cinye ta.

Kafin mako ya zagayo, mai fenti ya goge koren nan tas har ƙarfe. Aka wanke kabireta, aka canza filogi, aka ɗaura sabon batir. Ranar da injin ya tashi, Mai Tsoffi ya kusa rungumar makaniki. Aka fesa mata ruwan madararta, ta fito kamar amarya. Yakan fita bayan gida ya tsaya yana kallonta har shayinsa ya huce.

Sai ga Auta da sassafe, idanunta jajur.

"Sun sallamo shi, Yaya. Ba don ya warke ba. Sun ce gara ya ƙarasa a ɗakinsa. Ya sa mun ja gadonsa bakin taga. Da ya ɗaga labule bai ga motar ba, na ce masa kai ka kai ta gyara. Yana kiranka."

Ɗakin na warin magani da man keken ɗinki. Baba ya zama kamar tsumma a cikin bargo, amma da ya ga Mai Tsoffi sai fuskarsa ta washe. Ya kama hannunsa da yatsu masu sanyi.

"Allah ya yi maka albarka. Na faɗa wa Auta, yaron nan ba don komai yake zuwa ba sai zumunci. 'Ya'yan cikina ma ba su yi tunanin tayar min da ita ba."

"Ba komai, Baba."

"Ta tashi?"

"Ta tashi. Bugu ɗaya."

Baba ya lumshe ido yana murmushi. "Injin ka yi yadda ka ga dama, kai ka san shi. Fentin ne kawai kada a taɓa. Na san muni gare shi, ina ganin yadda kake yatsine fuska. Ni da uwar Auta muka shafa shi, shekarar da muka tare a gidan nan. Ragowar fentin ƙofa ne. Ina ce mata kada ki jingina, bai bushe ba, ita kuwa tana dariya har ta dafa ƙofar hagu. Shatin tafin hannunta na nan ƙasan madubi. Ka lura da shi?"

Mai Tsoffi ya lura da shi. Shi da kansa ya nuna wa mai fenti wurin, ya ce a fara gogewa daga wannan tabon.

"Na gani, Baba."

"Kawo min ita in gan ta. Ba na jin zan daɗe."

A gida ya kasa cin abinci. Matarsa ta zauna ta ji zancen har ƙarshe, ba ta katse shi ba.

"Ka je ka faɗa masa gaskiya," ta ce.

"In kashe shi tun kwanansa bai ƙare ba?"

"To me za ka yi?"

Ya tafi kasuwa ya yi ta buɗe gwangwanaye har ya sami koren da ya fi kama. Ya sayi buroshi mai kaushi. Da hannunsa ya bi ruwan madarar nan mai sheƙi yana laftawa, yana karkata buroshin da gangan don layuka su fito. Mai fenti ya leƙo, ya riƙe baki, ya juya abinsa. Da Mai Tsoffi ya iso ƙofar hagu, ya tsaya, ya kira matarsa.

"Dafa min nan. Ƙasan madubi."

Ta dubi ƙofar, ta dube shi, ta maida hannayenta bayanta.

"A'a, Baban yara. Hannuna ba nata ba ne. Wannan kam ba da ni ba."

Bai sake roƙonta ba. Ya shafe ƙofar sumul.

Washegari da la'asar ya tuƙo ta, fentin bai gama bushewa ba. Ya zagayo ta ƙarshen layi don ta shigo da gefen dama, ya tsayar da ita a gindin tagar, ƙofar hagu na kallon titi. Ya bar injin na aiki, ya shiga.

Auta ta tallafo mahaifinta da matasai. Baba ya daɗe yana kallo, yana sauraron bugun injin, leɓɓansa na motsi.

"Ita ce," ya ce a hankali. "Muryarta ce. Juyo min da ita in ga ɗaya gefen."

"Giyar baya ce ke gardama, Baba. Gobe in makaniki ya zo sai a juya ta."

Iska ta turo warin sabon fenti cikin ɗakin. Baba ya shaƙa. Ya sauke idonsa kan hannun Mai Tsoffi, inda kore ya maƙale a gefen farata duk da wankin kananzir. Idonsa ya daɗe a wurin. Auta ta sunkuyar da kai.

"To, bar ta haka," in ji Baba. "Ta yi kyau. Ka fi ni iya riƙe buroshi."

"Baba, ni dai..."

"Ka sha wahala, ɗana. Zauna." Ya dafa gefen gadon. "Ka riƙa hawanta. Kada ka bar ta a tsaye kamar yadda na yi. Auta, saki labulen nan, haske ya yi min yawa."

Mai Tsoffi ya zauna. A karo na farko ya zauna kusa da tsohon ba tare da ya waiwayi taga ba. Barci ya ɗauke Baba yana riƙe da hannun rigarsa. Sai da Auta ta ce man zai ƙare sannan ya tuna ya fita ya kashe injin.

Da hantsi washegari kukan Auta ya tsallako katanga.

Yana cikin waɗanda suka ɗauki gawar, ya ji ba ta da nauyi ko kaɗan. Da aka dawo, masu gaisuwa suka cika ƙofar gidan, kuma duk wanda ya zo sai ya ɗan tsaya wurin motar. Wani ƙanin marigayin ya riƙe hannun Mai Tsoffi da hannu biyu.

"Mun ji abin da ka yi masa. Maƙwabci irinka sai an tona."

Mai Tsoffi ya buɗe baki, ya hango Auta a bakin ƙofa tana girgiza masa kai kaɗan. Ya rufe bakinsa, ya karɓi godiyar.

Da yamma mutane suka watse. Mai Tsoffi ya zo da makulli don ya ɗauke motar, sai ya tsaya. Iska ta kaɗo ƙananan ganyaye da ƙudaje, sun manne a kan boneti inda fentin ke da danshi. Ya mayar da makullin aljihu, ya sunkuya yana ciro su da farce ɗaya bayan ɗaya, kowanne na barin ɗan gurbinsa.