Ranar da Aka Cire Baba Daga Raga

A gidan tsofaffin garinmu da ke lardin Saskatchewan, kowace ƙofa ana manna mata abin da mai ɗakin zai gani ya gane nasa. Wata hoton bikinta, wani hoton taraktarsa. Babana Orest, da tunaninsa ya fara gudu, sai aka manna masa katinsa na ɗan wasan hoki na kan ƙanƙara, irin wanda a da ake samu cikin ƙunshin cingam. Ga shi nan saurayi, ya duƙa a bakin raga da sanda, fuska ba kariya, haƙoran gaba babu. Abin da ke bayan katin kuwa tun ina yarinya na haddace: shekara tara yana gola, koci bai taɓa cire shi ana tsakiyar wasa ba.

Ɗakin kam ya gane shi, sai dai ƙofar ya ɗauka raga ce. Da safe zai dubi katin, ya ƙwanƙwasa gefen ƙofa dama da hagu da sandarsa, yadda gola ke gaida ƙarafan ragarsa, ya ware ƙafafu ya tsaya. Shi ke nan fa. Magani ba ya wucewa, abinci ba ya wucewa. Ran nan ya make tiren wata nas, miya har silin. Da suka cire katin, yini ya yi yana zagaye yana kuka, dole suka mayar.

Shugabar gidan ta ce min, "Marla, in ya sake dukan wani, sai a mayar da shi birni, ɓangaren da ake kulle tsofaffi."

Can ko taga ba a buɗewa, kuma nisan ya fi ƙarfina.

Na lallashe shi har na gaji. "Baba, zo ka zauna mana."

"Ke matsa, kina tare min gani!"

A mota na tuna cewa gola ba ya barin raga sai wanda zai canje shi ya zo. Na nufi gidan Gus, golan ajiya, wanda ya ƙare shekarun nan tara a benci da tawul a wuya, yana jiran Baba ya gaza.

Gus ya zo yana ɗingishi, tawul a wuyansa. Ya buga wa Baba sanda a ƙauri a hankali, yadda ake yi wa gola in an zo canjinsa.

"Kai rariya, komai wuce ka yake, koci ya ce ka fito."

Baba ya dube shi. "Nawa suka ci ni?"

"Ko ɗaya. Hutu ne kawai."

"Ƙarya kake, Gus. Ba a cire mutum don hutu."

Amma ya matsa. Wallahi ya matsa. Ya ja ƙafa zuwa gado, ya karɓi tawul ɗin ya lulluɓe kansa. Nas ta shiga, ya haɗiye magani ba gardama. Gus na tsaye a ƙofar yana share ido da bayan hannu.

"Shekara tara ina roƙon wannan ranar," ya ce da ni. "Ba haka na so ta ba."

Ba a kai Baba birni ba. Shugabar har rungume ni ta yi, wai na yi dabara. Bai sake tsayawa a ƙofa ba, katin ma ko kallonsa ba ya yi. Kullum na je yana bakin gado, tawul a wuya, yana jiran a kira shi. Da ya gan ni sai ya kamo hannuna, ya yi ƙasa da murya kada koci ya ji.

"Marla, ke kina kallo. Me na yi?"