Ni Ma Na Sha Nonon Iya

Muna tsakiyar turara shinkafa ni da Sumayya, hayaƙi ya cika mana ido, sai ga Yaya Usaini ya ajiye mota a bakin kanal ɗin ban-ruwa ya nufo mu. Ni ce a gabansa, amma kaina ya tsallake ya kira Sumayya.

"Yi maza ki shirya, auta. Likitar Surayya na son ganin 'yan'uwanta mata a Kano."

'Yan'uwanta mata! To ni mece ce, turmi?

Uwata ta rasu ina jaririya. Iya, maƙwabciyarmu a nan Kura, ita ta ɗauke ni ta haɗa da jaririyarta Surayya, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Usaini yayanmu ne, Sumayya ƙanwarmu. A wajen daka da wanke-wanke kowa ya san ni Sa'adiya 'yar Iya ce. Sai abu mai nauyi ya taso ake tuna ba ita ta haife ni ba.

Surayya kuwa komai nata a sama yake. Ita ce boko, ita ce miji mai ofis. Ciwon dajin nono ya kashe Iya a hannuna, a kan tabarma. Da ya kama Surayya sai jirgi zuwa Misra. Aka cire mata duka biyun, aka sa mata na roba a ƙarƙashin fata, ta dawo ƙirji tsaye cak, mata suna satar kallo a wajen biki. Ni da yara biyar suka tsotse ni tas, Allah na tuba, abin ya tsaya mini a rai.

Na yayyafa wa wutar ruwa, na ɗauki mayafi na shige motar ba wanda ya gayyace ni. Yaya ya buɗe baki zai yi magana, ya ga fuskata, ya tada mota.

A hanya yake yi wa Sumayya bayani. Ɓangare ɗaya na ƙirjin Surayya ya kumbura ya tara ruwa. Wani daji ne daban, wanda ba kasafai ake gani ba, yana fitowa a kewayen robar. Likita ta ce akwai wata ƙwayar halitta da ake gado, ita ke jawo dajin nono, kuma masu ita sun fi shiga haɗarin wannan ma. Surayya na da ita, ana zaton daga Iya ne, shi ya sa za a auna jinin 'yan'uwa.

Sumayya ta fashe da kuka. Ni kuwa na gyara zama, don na san inda abin ya biyo. Ciwon nono ne, kuma nonon nan na sha shi har na ƙoshi, an ma ce na fi Surayya zari.

A asibiti muka tarar da Surayya ta rame, ƙirjinta a naɗe. Tausayinta ya kama ni sosai, ba zan ɓoye ba. Likitar ta shigo ta tambayi jinin wa za a fara ɗiba. Na riga Sumayya miƙa hannu.

"Uwarku ɗaya?" ta tambaye ni.

"Nono ɗaya muka sha, likita."

"Ita ta haife ki?"

Surayya ce ta amsa daga kan gado, a hankali: "'Yar'uwata ce ta shayarwa."

"Ayya, to ba sai an auna ki ba, Hajiya. Wannan ba ya bin nono, sai ta haihuwa."

"Ki dai auna," na ce. "Nonon da ya haramta mini auren Yaya Usaini, shi ne zai kasa ba ni ciwo?"

Ta yi murmushi ta girgiza kai, ta kama hannun Sumayya.

Surayya ta jawo Sumayya jikinta, suka haɗa goshi suna kuka, abin Iya ɗaya a tsakaninsu. Can ta ɗago ta dube ni, hawaye shaɓe-shaɓe, kuma har zuciyarta take faɗa.

"Alhamdu lillahi, Sa'adiya. Ke kam kin tsira, ba ki da komai na Iya a jikinki."

Na ce amin. Na janyo hannun rigata na rufe, na fita waje in riƙe musu jaka.