Lambar da Aka Liƙa wa Darlene

Ranar Halowin, bikin da ake yin shigar dodanni, ta same mu a tsakiyar teku, kwana biyu da barin Galveston ta Amurka, babu tasha babu tsibiri, ruwa ne kawai ta ko'ina. Mu huɗu muka yi tafiyar: yayata Darlene, mijinta Curtis, 'yarsu Josie mai shekara tara, sai ni.

Wata takwas Darlene ta yi tana fama da ciwon daji. A watan Satumba likitoci suka tsayar da magani, suka ce ta koma gida ta yi abin da ranta yake so. Ita kuwa jirgin ruwa take so, don ba ta taɓa shiga ba. Curtis bai karɓi maganar likitocin ba. Kullum cewa yake hutu kawai suka ba ta, ai ga shi ta fara cin abinci, kumatu sun fara dawowa. Abin da yake faɗa wa Josie ke nan, ni ma ban taɓa musa masa ba.

Tun da safe aka cika jirgin da kabewa da kwarangwal na roba. Bayan abincin rana aka saki yara su zaga neman alewa, Josie ta bi su cikin shigar ƙudan zuma, fiffike ɗaya a karkace. Mu manya muka zauna a inuwa kusa da wurin iyo. Ana zafi, hular gashin Darlene ta dame ta da ƙaiƙayi, sai ta cire ta cusa a jaka. Farar doguwar riga ce a jikinta. Da can tana cika ta, yanzu kuwa kamar an rataye ta a ƙusa.

Sai ga wata ma'aikaciyar jirgin, budurwa sanye da hular mayu, tana raba wa waɗanda suka yi shigar dodanni lambobin gasa. Da ta iso gabanmu ta tsaya cak.

"Kai, Madam, yau kin gama da kowa," in ji ta. "Wa ya yi miki wannan kwalliya ta fatalwa? Dubi baƙin ƙarƙashin idon nan, kamar gaske. Har kan kika aske?"

Kafin wani ya buɗe baki ta liƙa mata lamba goma sha huɗu a ƙirji.

Curtis ya miƙe, kujerarsa ta faɗi. Darlene ta riƙe masa hannu, ta dubi budurwar ta ce, "Ni na yi abata. Wata takwas ina shiryawa." Budurwar ta yi dariya, ta ce ƙarfe huɗu za a fara, ta wuce.

Na ce, "Yaya, bari in cire miki." Ta ce in bar mata, tun da take ba a taɓa cewa ta fi kowa a wani abu ba. Ta ɗan yi dariya, tari ya tsinke mata ita. Curtis ya zare hannunsa ya tafi, ko takalmi bai sa ba.

A bayan jirgin na same shi, inda babu mutane saboda ƙarar inji. Ya juyo ya dube ni. Tambayata ya yi ko haka take, ko haka mutane suke ganinta. Na ce haka take. Ya ce shi wallahi bai gani ba, kullum yana kallonta, bai gani ba. Ya zauna a ƙasa ya kifa kai a gwiwa. Shekara goma sha biyar da saninsa, ranar na fara jin kukansa.

Ba mu je gasar ba. Wajen ƙarfe biyar aka ƙwanƙwasa ƙofar ɗakinsu, sai ga budurwar nan, babu hula, ido ya kumbura. Wata fasinja ce ta ja ta gefe ta fahimtar da ita. Ta kasa ma haɗa kalmar ban haƙuri. Darlene ce ta zaunar da ita a bakin gado, ta tambaye ta sunanta da garinsu, ta ba ta alewa daga buhun Josie.

Bayan ta fita Curtis ya ce in ba su wuri, za su yi magana da Josie. Na tsaya a bakin ƙofa, yara suna wucewa da fuskokin dodanni suna ihu. Daga ciki ban ji komai ba, sai can na ji muryar Josie tana tambaya, "To yaushe?" Ban ji amsar da aka ba ta ba.

Washegari jirgi ya tsaya a tsibirin Cozumel, kowa ya sauka, mu muka zauna. Darlene ta sa Josie a gabanta, ta kira Curtis ta ce ya zo ya koyi kama gashi gida biyu, don ni Tulsa zan koma, ba kullum ina nan ba. Yatsunsa manya, sai kufcewa suke. Sau huɗu tana sa shi ya tsefe ya sake, Josie na cewa yana ja mata. A na biyar Darlene ta duba ta ce Josie za ta iya zuwa makaranta a haka.

A mako na biyu na watan Janairu ta rasu, a gida, da hantsi.