Zai Fito da Magariba

Duk wanda ya zauna Birnin Konni a shekarun nan ya san fuskar Baƙo, ko da bai san sunansa ba. Shi ne mutumin nan mai hula a karkace da ke fitowa a telen gari da zarar an sallame magariba, ya gyara murya, ya shiga karanta cigiya da sanarwa: an yi rasuwa a unguwa kaza, gobe akwai suna a gidan wane, jakin wane ya tsinke igiya, ga hoton tsohon da aka tsinta a tasha. Aikin ba shi da wani armashi, amma ta bakinsa ɓatattu da yawa suka koma gida. Kuma lokacin ne ya yi masa rana. Da magariba manomi ya dawo, mai kabu-kabu ya jingine babur, mata sun sauke tukunya. A ƙauyukan da babu kuran ma, wato wutar lantarki, a lokacin ne mai cajin waya ke tayar da injinsa ya fito da tele ƙofar shago, gari duka ya hallara, sai an kira isha ya kashe don kada mai ya ƙare.

Mahaifiyarsa, Inna Kyauta, tana zaune a gidansa tun da mijinta ya rasu a Alela. Baƙo ɗanta ne na fari, don haka tun ranar da ta haife shi sunansa bai taɓa fitowa daga bakinta ba. Irin matan da ne, masu kunyar ɗan fari har kabari. In za ta kira shi sai ta ce «wancan», in ta yi kara ta ce «mai gidan Salamatou». Amma fa ko ana ruwa ana iska, da magariba sai ta ja tabarmarta gaban tele. Da ya fito sai ta kawar da kai gefe, wai ita ba kallonsa take ba, tana satar kallo ta wutsiyar ido. Salamatou, matar Baƙo, takan tsokane ta, ta tambaye ta ko ta san mutumin nan. Sai ta tsuke baki ta ce ina za ta san shi, wani mai surutu ne dai.

To, ana nan sai kayan tashar telen suka tsufa, kamara ɗaya ta mutu, eriya ba ta wuce Malbaza. Sai ga wata babbar tasha ta 'yan kasuwa daga Yamai ta zo da tayi mai maiƙo. Za ta kawo sabbin na'urori, ta kafa dogon ƙarfe wanda zai kai hoto har bayan Badaguishiri, ta riƙa ɗaukar nauyin ma'aikata. Abin da take so ɗan kaɗan ne, in ji ta: daga magariba zuwa bayan isha ya zama nata, labaranta da fim ɗinta da tallanta. Tashar gari ta riƙe safiya da rana da la'asar, ga kuma wani ɗan gurbi na talla a tsakiyar labarai da aka bar mata ta sayar wa wanda take so. Kai ka ji rabo! Sun ɗauke tsoka sun bar wa mai gida ƙashi, kuma har godiya aka yi musu. Almoustapha, shugaban tashar, ya sa hannu yana murmushi, ya sayar da ɗan gurbin nan ga Alhaji Alkasum mai takin zamani har ƙarshen damina, aka mayar da shirin Baƙo bayan la'asar.

Baƙo ya yi magana a lokacin. Ya ce bayan la'asar wa ke gaban tele, ban da masu shaguna da 'yan buro, wato ma'aikatan ofis, da suka tashi aiki? Ya ce ɓataccen da ake nema ba a buro yake kwana ba. Almoustapha ya dafa kafaɗarsa ya ce ya yi haƙuri, wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

A wannan shekarar ce ruɗewar tsufa ta kama Inna Kyauta sosai. Ta fara da manta inda ta ajiye carbi, ta koma tambayar mijinta da ya daɗe a ƙasa, daga ƙarshe ta daina gane mutanen gida. Baƙo zai durƙusa ya gaishe ta, ta amsa masa da ladabi kamar wani malamin da ya biyo ta gidan. Abu guda ya tsaya mata bai goge ba, shi ne cewa ɗanta yana fitowa cikin akwati, wato tele, da magariba. Kullum sai ta ja tabarma ta zauna. Sai ga wasu mutanen Yamai da kwat da wuya a ɗaure suna zuba Faransanci. Ta duba, ta duba, ta juyo ta tambayi Baƙon da ke zaune kusa da ita ina aka kai wancan. An gwada zaunar da ita bayan la'asar ta gan shi, amma a lokacin barci take, in an tashe ta ma sai ta ce ai rana ba ta faɗi ba. Abin yana cin ran Baƙo, har yakan tashi ya bar ɗakin.

Wata Laraba, ranar kasuwar Konni, Salamatou ta shiga wanka ta fito ba ta ga Inna ba. Takalmanta babu, mayafinta shuɗi babu, ƙofar gida a buɗe.

Aka bazu. Aka duba maƙwabta, aka duba gidan likita, aka je wurin jandarma. Kowa ya ce tsohuwa in ta ruɗe garinsu take nufa, don haka Baƙo ya hau babur ya bi hanyar Alela ƙauye-ƙauye, yana leƙa rijiyoyi. Da bai samu ba aka ce ko ta tsallaka iyaka cikin 'yan kasuwa, ya tsallaka shi ma ya yi ta yawo har takalminsa ya tsinke. Hotonta ya zaga wayoyin mutanen gari, kowa ya tura wa wanda ya riga ya gani. An faɗa a rediyo, amma rediyon gari ba ya haura duwatsun arewa. Ba wanda ya kawo arewa a ransa, don Inna ba ta da kowa a can.

Kowace la'asar Baƙo yana zama gaban kamara, ya karanta cigiyar jakunan mutane da sanarwar bukukuwansu, sannan ya ɗaga hoton uwarsa. Yakan ce tsohuwa ce fara, mai zube a kumatu, ba ta iya faɗin inda ta fito, don Allah duk wanda ya gan ta ya kira lambar da ke ƙasa. Yana faɗa yana sane da cewa bango yake yi wa magana. Shi ya fi kowa sanin waɗanda ke tsintar ɓatattu, kuma ya san a wannan lokacin suna garka suna ban ruwan albasa, injin mai caji kuwa yana lulluɓe da buhu.

Sai ya shiga buron Almoustapha ya cire hularsa, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce ba shiri yake roƙo ba, a ɗaga hoton kawai da magariba, gwargwadon yadda mutum zai sha ruwa ya ajiye kofi. Almoustapha ba mugu ba ne, idonsa har ya kawo ruwa. Ya kama hannunsa ya kai shi ɗakin na'urori, ya nuna masa wani baƙin akwati a jikin bango. Ya ce da lokaci ya yi, daga Yamai ake karɓe tashar, ko shi da ke shugaba ba shi da abin da zai danna. In ya cire waya kuwa an karya yarjejeniya, a kwashe kaya, magidanta da yawa su rasa abinci.

Baƙo ya kira Yamai. Aka yi ta miƙa shi daga hannu zuwa hannu har ya dace da wani Seyni mai tsara shirye-shirye. Seyni ya saurare shi da kyau, ya yi masa jaje, ya ce shi ma yana da tsohuwa a gida. Amma ya ce lokacin nan an riga an yanka shi an raba wa masu talla tun farkon shekara, kuma in aka buɗe wa Konni yau, gobe Madawa za ta zo da tata cigiyar, jibi Dogondutsi. Ya tuna masa cewa ai tasharsu tana da gurbinta a tsakiyar labarai, su yi amfani da shi mana.

Gurbin kuwa na Alhaji Alkasum ne, kuma Alhaji yana Kwatano wajen fito da kaya daga jirgi. Wayarsa in ta shiga ba a ɗauka. Wakilinsa a shago ya ce shi ɗan aike ne, ba zai taɓa abin da Alhaji ya biya ba sai da bakinsa. Almoustapha ya ce shi ma haka. Kowa yana da gaskiyarsa, wallahi, ba wanda za ka kama ka ce shi ne azzalumi, kuma wannan ne ya fi ƙona ran Baƙo. Kowace magariba yana zaune a kan tabarmar Inna yana kallon buhun taki yana juyawa a tele da kiɗan kalangu, a daidai gurbin da fuskar uwarsa za ta shiga har wuri ya yi saura. Ya daina cin abinci sai Salamatou ta yi masa kuka. Ya rame har hular ta yi masa yawa. Zafin bazara ya sauko, irin wanda ke kayar da tsofaffi ko suna cikin inuwar gidansu, kuma tun daga nan ya fara jin tsoron wayarsa.

Wata ya mutu, wani ya tsaya, sannan Alhaji ya dawo. Baƙo ya tare shi a ƙofar masallaci, bai ma gama bayani ba Alhaji ya kama salati. Ya ce don me ba a gaya masa ba tun tuni, taki ne zai fi uwar mutum? A cire tallan a yau, a sa hoton har sai an gan ta. Da sauƙi haka, kamar a ce miƙo mini buta.

Da magaribar nan mai karanta labaran Yamai ya ce za a je talla a dawo, sai ga fuskar Inna Kyauta ta cika tele, muryar Baƙo tana bin ta. Ba a koma labarai da daɗewa ba wayarsa ta yi ƙara. Lamba ce da bai sani ba, kuma mai maganar yana haki, iska tana kaɗa muryarsa. Ya ce sunansa Hayatu, mai cajin waya a wata tunga bayan Badaguishiri, yanzu ya hawo tudu da gudu don nan kaɗai waya ke kamawa. Ya tambaya ko shi ne ɗan tsohuwar.

Baƙo ya miƙe tsaye ya ce shi ne, tana ina, a ba ta wayar.

Hayatu ya yi salati. Sannan ya ce, «Malam, sai haƙuri. Shekaranjiya munka rufe ta.»

Baƙo ya koma ya zauna. Bai yi salati ba ma sai da Salamatou ta fara. Hayatu bai kashe wayar ba, ya ci gaba da bayani a hankali, irin na mutumin da ke son a san bai ci amana ba. Ya ce matan garinsu ne suka dawo da ita daga Konni a motar kasuwa, kowace tana zaton tare take da wata. Uwarsa ce ta riƙe ta a ɗakinta, tana dama mata fura, tana yi mata wanka. Mai gari ya sa an yi shela a kasuwar Badaguishiri, ba wanda ya zo. Zafin nan ne ya kwantar da ita, ba ta jima tana jinya ba, kuma an yi mata sutura kamar 'yar gari.

Baƙo ya tambaye shi ko ba su tambaye ta sunan wani nata ba.

Hayatu ya ce sun tambaya har sun gaji. Ba ta san garinsu ba, ba ta san sunan mijinta ba. Amma ta ce tana da ɗa, kuma kowa ya san shi. Sun yi lallashi, liman da kansa ya zo ya roƙe ta ta faɗi sunansa, sai ta rufe fuska da mayafi ta ce ɗan fari ne, ita ba mara kunya ba ce. Su kuwa dogon ƙarfen nan ne ya fara kawo musu hoton Konni, ba su taɓa ganin wani ɗan Konni a telensu ba, sai mutanen Yamai.

«To mi ta ce muku?» in ji Baƙo.

«Cewa ta yi mu bar wahalshe ta, mu jira magariba, za shi fito cikin akwati mu gan shi da idonmu. Shi ya sa kullum nike shimfiɗa mata tabarma a gaba, tun kafin in tada inji. Duk wanda ya fito sai mu ce, Inna, shi na? Ta duba ta girgiza kai. Har ranar da ta kwanta sai da ta sa anka ɗauko ta anka kawo, ta ce yau dai za shi fito.»

Baƙo ya kalli tele. An gama labarai, an shiga fim, wasu mutane suna dariya a wani falo mai fitilu. Wayar tana kunnensa, Hayatu yana ta kiran malam, malam, yana tambaya ko yana jinsa, yana kwatanta masa hanyar da zai biyo gobe in zai zo ganin kabarin: in ya wuce Badaguishiri ya saki kwalta, ya yi arewa.