Kurono a Ƙarƙashin Bishiya

Da Abdulbaƙi ya san abin da na'urar nan za ta nuna masa in ta gyaru, da ya bar ta da shirmenta. Amma shi mutum ne da ba ya iya ganin abu a lalace ya wuce. Ko fanka ce ta fara ƙara a gida, sai ya kwance ta hankalinsa ke kwanciya.

Kurono ake ce mata, 'yar na'ura ce mai awon gudun kibiya. Ido biyu gare ta, ɗaya gaba ɗaya baya, in kibiya ta gifta ta samansu sai lamba ta fito. Ta hannu ya saya wa 'yarsa Hanan, wadda ta daɗe tana koyon harbin baka a wani kulob a Wangsa Maju. A nan Kuala Lumpur aka haifi yarinyar. In ya yi mata Hausa ta mayar masa da Turanci, in ya ba ta haushi ta koma Malayanci. A filin harbi kaɗai suke shiri ba gardama. Shi ba ya harbi. Aikinsa ya tsuguna ya karanta lamba, in kibau sun ƙare ya je ya ɗebo.

Kwanan nan lambobin suka rikice. Kibiya ɗaya ta ba da ɗari da tamanin, mai bi mata ta ba da casa'in, ta gaba kuma ɗari uku, gudun da ko malamin kulob ɗin bai taɓa yi ba. Hanan ta ce ya rabu da ita, tsufa ta yi. Shi kuwa abin ya tsaya masa a rai.

Ran Asabar da hantsi suka tafi filin da ke bayan masallacin unguwa. Hanan ta kafa na'urar a inda suka koma kafa ta tun bayan salla, ƙarƙashin babbar bishiyar bakin fili, wai a can ne inuwa take. Abdulbaƙi ya sa sabon batir. Ya goge idanun da auduga. Ya ƙara ja da ita nesa da baka, domin mai shagon kayan harbi ya ce in ta cika kusa takan yi ƙarya. Duk a banza.

Ya tsuguna yana kallonta kamar mai jiran ta yi magana. Sai iska ta kaɗa, ya ga ɗigon rana da inuwar ganye suna rawa a kan idanun nan biyu. Nan take ya gane. Inuwar kibiya take kamawa, ga ganye kuma yana ta jefa mata inuwa iri-iri, ina za ta san ta gaskiya? Ya miƙe yana dariya, ya ce wa Hanan ashe ba tsufa ba ne, bishiya ce.

Ya kinkimi na'urar zuwa tsakiyar fili. Fararen rumfunan roba da ake ɗora wa idanunta sun ɓata, in ji Hanan, don haka ya ɗauko farar ledar da yake naɗe kayan kago masu tafiya ta jirgi, wadda ke but ɗin mota, ya ɗaura mata a sama don hasken ya daidaita.

"Abba, zafi lah," in ji ta. "Mu je shagon mamak mu karya, yunwa nake ji."

"Kaɗan za ki harba, Mamana. In gani kawai."

Ta tsaya jim, sannan ta ɗana kibiya.

Ɗari da saba'in. Ya yi murmushi. Ta biyu, ɗari da sittin da huɗu. Ta uku ta sauko ƙasa da haka, ta huɗu ta ƙara saukowa. Babu tsalle, babu shirme. Na'urar ta gyaru sarai, kowace kibiya kuma ba ta kai 'yar'uwarta ƙarfi ba.

Sai a lokacin ya ɗaga kai daga lamba ya dubi mai harbin. Hannunta na dama ba ya kai tsirkiya haɓa kamar da. A rabin hanya yake tsayawa, gwiwar hannun tana karkarwa. Ta cije leɓe ta sake ja, tsirkiyar ta suɓuce mata, kibiyar ta faɗi a ciyawa ko na'urar ba ta kai ba.

Abdulbaƙi ya san irin wannan karkarwar. Haka ƙanensa Sharfaddeen ya fara a Kano, cokali ya riƙa faɗuwa daga hannunsa, ana yi masa tsiya wai soyayya ce ta kama shi. Daga hannu abin ya sauka ƙafa. Bai kai shekara talatin ba ya rasu.

Ya buɗe baki zai ce ƙila batir ɗin ne ba mai kyau ba, sai ya tuna sabo ya sa ɗazu.

Hanan ta ajiye bakan a hankali. Da Hausarta mai karyewa ta yi magana, kanta a ƙasa.

"Tun azumi ne, Abba. Na san bishiyar ce. Shi ya sa nake kai ta can, don kada ka gane."

Ta ce rumfunan ma suna ƙarƙashin gadonta. Umma ta taɓa ba ta labarin Baffa Sharfaddeen, ita kuma ba ta so ta ga fuskar Abbanta ranar da zai sani. Tana faɗa tana matsa yatsunta da ɗaya hannun.

Ya tsince kibau, ya kwance bakan, ya rataya jakar a kafaɗarsa, jakar da ba ta taɓa yarda wani ya ɗaukar mata ba. Yau ba ta hana shi ba. A mamak ya ga yadda ta riƙe kofin shayi da hannu biyu, sai ya mayar da idonsa kan titi.

Ran Litinin shi da matarsa Barira suka kai ta asibiti. Aka ɗebi jini, aka soka mata ƙananan allurai a dantse ana duba jijiyoyi. Likitar ta tambaya ko wani ya taɓa yin irin wannan a dangi, Abdulbaƙi ya faɗi gaskiya. Ta ce yana yiwuwa jijiya ce ta matse a kafaɗa saboda yawan jan baka, yana kuma yiwuwa ba ita ba ce, sai sakamako ya fito.

Sakamakon bai fito ba tukuna. Har yanzu ba su san ko ciwon Sharfaddeen ne ba, ko kuwa abin da zai wuce ne.