Kason Mai Cafe Ƙwallo

Odile Guidry ta shekara ashirin tana ɓare jatan lande a bakin ruwan Louisiana, ba ta taɓa riƙe dala dubu biyar a dunƙule ba. Sai ga shi wata Talata da hantsi, Mista Pruitt, dattijon da ke farauto wa wata ƙungiyar besbol, wasan jifa da bugun ƙwallo da sanda, sababbin 'yan wasa, zaune a kicin ɗinta yana cewa sun zaɓi ɗanta Remy, gwanin jifan ƙwallo, tun zagayen farko na zaɓen 'yan wasa na bana, kuma kuɗin sa hannunsa dala miliyan biyu ne.

Ludayi ya tsaya cak a hannunta.

"Miliyan nawa ka ce?"

"Biyu, Madam."

Ta lalubi kujera ta zauna. Yaron da ya ƙarar mata da gilasan taga da jifa!

Remy kuwa ko gezau. "Tyrell fa?" ya tambaya. Tyrell ɗan maƙwabta ne, shi ke cafe masa ƙwallo tun suna 'yan shekara bakwai.

Pruitt ya sosa ƙeya. "Mun ɗauke shi a zagaye na tara. Amma kuɗin gurbinsa bai kai ya bar karatun kyauta da jami'a ta ba shi ba, uwarsa ta ce sam."

"Ku ƙara masa mana. Ku da kuɗi suka yi wa yawa."

"Ba rowa ba ce, ɗana. Hukumar wasa ta yanka wa kowace ƙungiya kason kuɗin da za ta kashe a zagaye goman farko, tukunya ɗaya ce. Muka wuce iyaka, a ci mu tara. Muka yi nisa, a ƙwace mana zaɓin baɗi. Sai wani ya rage, sannan wani ya samu ƙari."

Remy ya juya hularsa a hannu.

"To ku cire dubu ɗari uku daga nawa."

"Kai, Remy!" in ji Odile. "Ka san gidaje nawa kuɗin nan zai saya a layin nan?"

"Mama, duk jifan da suka gani suka yaba, shi ya nuna mini inda zan sa shi."

 Odile kallonsa kawai take, kamar yau aka kawo mata shi.

Pruitt ya fita baranda ya yi waya mai tsawo. Ranar Juma'a yaran biyu suka sa hannu a tebur ɗaya, uwar Tyrell na gefe tana kuka tana zagin Remy da taurin kai.